Iyakar ƙarar sauti a wayoyi da na'urorin sauraro: Asalinta, amfaninta da inda take gazawa

Duk mai amfani da iyafis ya san wannan saƙo. Yana cikin ƙara sauti sai wayar ta tsaya cak, rubutu ya fito a fuskarta yana gargaɗin cewa sauraro da ƙarfi na tsawon lokaci na iya lalata ji, sannan ta nemi amincewarsa kafin ta ci gaba. Akasarin mutane kan danna amincewa ba tare da sun karanta ba. Wasu ma kan ɗauka matsala ce ta wayar, har su nemi mai gyara ya cire musu shi.

Wannan gargaɗi yana da tarihin da ya kai kimanin shekara 30. Doka ce ta haife shi, bayan binciken likitoci da taƙaddama tsakanin gwamnatoci da kamfanoni. Sai dai iyakar da aka saka wa na'ura rabin kariya ce kawai, domin abin da ke lalata ji abu biyu ne a haɗe: ƙarfin sauti da tsawon lokacin da aka ɗauka ana saurarensa. Kamfani na iya daidaita na farko. Na biyun yana hannun mai kunne.

Ma'aunin ƙarar sauti

Ana auna ƙarar sauti da ma'aunin da ake kira desibel, wanda ya samo sunansa daga Alexander Graham Bell, mutumin da aka fi dangantawa da ƙirƙiro wayar tarho. Raɗa tana kaiwa kimanin desibel 30. Hira ta yau da kullum tsakanin mutum biyu tana wajen desibel 60. Cunkoson motoci a babban titi kan kai 80 zuwa 85, ƙarar babur kuma wajen 95. Jiniyar motar asibiti idan ta wuce kusa da mutum tana haura 110. Wayoyi da na'urorin sauraro da yawa, idan aka ƙure su, suna iya fitar da desibel 105 zuwa 110, wasu ma fiye da haka, kuma kai-tsaye cikin ramin kunne.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne lissafin desibel ya sha bamban da na mudu ko na sikeli. Ƙarin desibel 3 kacal na nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka sau biyu. Ƙarin desibel 10 na nufin ya ninka sau goma, alhali a jin mai sauraro ƙarar ta ninka sau biyu ne kawai. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 80 da 100, wadda a ido take kamar 'yar kaɗan, ninki ɗari ce. Wanda ya danna maɓallin ƙara sauti sau biyu ko uku yana jin ɗan canji ne, amma nauyin da ya ɗora wa kunnensa ya ninka.

Yadda ƙara ke lalata kunne

Kunne kashi uku ne. Na waje yana tattara sauti ya kai shi ga dodon kunne, wata siririyar fata da ke girgiza idan sauti ya taɓa ta. Na tsakiya yana da ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kuma su ke miƙa girgizar zuwa ciki. A kunnen ciki akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 zuwa 16,000 masu ɗauke da wasu sirara kamar gashi. Idan ruwan ya motsa sai siraran su lanƙwasa, ƙwayoyin su mayar da motsin ya zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa.

Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da waɗannan ƙwayoyi. Idan abin bai yi yawa ba, suna farfaɗowa bayan sa'o'i ko kwanaki. Shi ya sa wanda ya fito daga wurin biki, inda ya zauna kusa da lasifika, yakan ji kunnensa ya toshe ko yana ƙugi, washegari kuma ya ji ya warware. Amma idan ana maimaita wahalar kullum, ƙwayoyin kan mutu. A nan babbar matsalar take: tsuntsaye da kifaye suna sake fitar da sababbi a madadin waɗanda suka mutu, mutum kuwa da adadin da aka haife shi da shi zai rayu. Har yanzu babu magani ko tiyata da ke dawo da su.

Ko warwarewar da ake ji washegari ma ba lallai ta zama cikakkiya ba. A shekarar 2009, masu bincike biyu a birnin Boston na Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a gwajin da suka yi kan ɓeraye cewa ƙara na iya tsinka mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin da jijiyar ji har abada, ko da gwajin ji na yau da kullum ya nuna komai ya koma daidai. Ana kiran wannan ɓoyayyen raunin ji.

Lalacewar takan fara ne daga siraran sautuka, musamman wajen mita 4,000 a ma'aunin hatz. A nan ne sautukan baƙaƙe irin su s, sh, f da ts suke. Mutum zai ci gaba da jin murya sarai, amma kalmomi su riƙa cakuɗe masa, ya kasa bambance “sari” da “fari” da “tsari”, musamman a cikin hayaniya. Da yake abin a hankali yake zuwa, kuma ba ya ciwo, yawanci iyali ne ke fara lura kafin mai matsalar.

Lissafin ƙarfi da lokaci

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ɗauki desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako a matsayin kason da babban mutum zai iya saurara ba tare da ya jefa jinsa cikin haɗari ba. Ga yara da masu raunin kunne, desibel 75 ne na sa'o'i 40. Duk lokacin da aka ƙara desibel 3, lokacin yana raguwa da rabi. Ga yadda lissafin yake a mako guda:

Desibel 80: sa'o'i 40
Desibel 83: sa'o'i 20
Desibel 86: sa'o'i 10
Desibel 89: sa'o'i 5
Desibel 92: sa'o'i 2 da rabi
Desibel 95: minti 75
Desibel 98: kimanin minti 38
Desibel 101: kimanin minti 19

Abin ya yi kama da datar waya ta mako: mai karanta saƙonni takan ishe shi har ƙarshen mako, mai kallon bidiyo kuwa kafin yamma ta ƙare. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba zuwa ofis a Abuja, sa'a ɗaya zuwa, sa'a ɗaya dawowa, kwana biyar a mako, iyafis a kunne. Sa'o'i 10 ke nan. Idan yana saurare a kan desibel 86, a cikin mota kaɗai ya cinye kasonsa na mako gaba ɗaya. Idan a kan 95 yake saurare, tun kafin ya isa gida ranar Litinin kason ya ƙare.

Kunne kuma ba ya tantance abin da ake saurare. Waƙa ce, ko karatu, ko wa'azi, ko labaran rediyo, ko littafin da ake karantawa a YouTube, ko fim, ko doguwar hira ta waya, lissafin ɗaya ne. Haka nan kason bai taƙaita ga iyafis ba. Ƙarar janareta a bayan shago, injin niƙa, injin yankan katako da lasifikar biki duk daga wannan kaso guda suke ci.

Faransa ce ta fara

A shekarar 1979 kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman, ƙaramar na'urar kaset da mutum zai rataya ya yi tafiyarsa yana saurare shi kaɗai. Tun daga lokacin likitocin kunne suka fara nuna damuwa. Amma kaset yana ƙarewa a juya shi, batir ma ba ya daɗewa, don haka na'urar da kanta tana tilasta hutu. Zuwan na'urorin MP3, musamman iPod da kamfanin Apple ya fitar a 2001, ya kawar da wannan hutu, domin na'ura guda tana ɗaukar waƙoƙi dubu, batirinta kuma yana kaiwa sa'o'i masu yawa.

A 1996 Faransa ta kafa dokar da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori idan ƙararsu ta wuce desibel 100, ta kuma wajabta liƙa gargaɗin cewa doguwar sauraro a ƙure na iya cutar da kunne. Dokar ta nuna tana da haƙora a 2002, lokacin da Apple ya janye iPod daga shagunan ƙasar na ɗan lokaci saboda ta haura iyakar, har sai da ya fitar da sabuwar manhajar da ta rage ƙarar.

A Amurka ta hanyar kotu batun ya bi. A farkon 2006 aka shigar da ƙarar Apple a wata kotun tarayya da ke Kalifoniya, bisa zargin cewa iPod na iya kaiwa desibel 115 kuma gargaɗin da ke tare da ita bai wadatar ba. A watan Maris na shekarar, kamfanin ya fitar da manhajar da ke bai wa mai na'ura damar saka wa kansa iyaka, iyaye kuma su kulle ta da lambar sirri. A ƙarshen 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar shari'ar, bisa hujjar cewa masu ƙarar ba su nuna sun samu raunin ji ba, kuma mai na'ura yana da zaɓin yadda zai yi amfani da ita.

Ƙa'idar Tarayyar Turai

A watan Oktoban 2008 wani kwamitin masana kimiyya na Tarayyar Turai ya fitar da rahoton da ya sauya akalar batun. Kwamitin ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 zuwa 100 ne ke sauraren irin waɗannan na'urori kullum a ƙasashen Tarayyar, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 nasu na fuskantar haɗarin raunin ji na dindindin, idan suka ci gaba da saurare da ƙarfi fiye da sa'a ɗaya a rana har tsawon shekara biyar. Wato mutum miliyan 2.5 zuwa miliyan 10.

A 2009 Hukumar Tarayyar ta umarci cibiyarta ta tsara ƙa'idojin kayan lantarki, CENELEC, da ta fito da ma'auni. Ƙa'idar da aka samar ta fara aiki sosai a watan Fabrairun 2013, ta kuma shafi wayoyin hannu masu kunna sauti. Ta tanadi abu uku. Na farko, na'ura za ta fito daga kamfani da iyakar desibel 85. Na biyu, mai ita na iya tsallake wannan iyaka bayan ya ga gargaɗi ya amince, amma ba za ta wuce desibel 100 ba. Na uku, gargaɗin zai sake fitowa bayan kowane sa'o'i 20 na saurare a sama da iyakar.

Wannan shi ne asalin saƙon da muke gani a wayoyinmu, kuma shi ne dalilin da ya sa wani lokaci waya kan rage sauti da kanta bayan kwanaki. Da yake kamfanoni suna ƙera waya iri ɗaya su rarraba ta kasuwanni daban-daban, tsarin ya biyo wayoyi da yawa har zuwa ƙasashen da dokar Turai ba ta hau kansu ba.

Lamba 85 kuwa daga dokokin ma'aikata aka aro ta. A masana'antu, an daɗe da ɗaukar desibel 85 na sa'o'i takwas a rana a matsayin matakin da ya wajaba a bai wa ma'aikaci abin toshe kunne. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, wannan matakin take ba da shawara a kai, dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan hayaniyar wurin aiki ma ta yi amfani da shi.

Ma'aunin duniya

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin wayar da kai kan sauraro cikin aminci, inda ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 masu shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke saurare a na'urori da wuraren nishaɗi. Wani nazari da mujallar BMJ Global Health ta wallafa a 2022, wanda ya tattara bincike da dama daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa kimanin kashi 24 cikin 100 na matasa suna saurare a na'urori fiye da kima, kashi 48 kuma suna halartar wuraren da ƙara ta wuce kima.

A watan Fabrairun 2019 hukumar, tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta gabatar da ma'aunin da ake kira H.870. Bambancinsa da ƙa'idar Turai shi ne ya mayar da hankali kan jimillar abin da kunne ya sha. Ya buƙaci na'ura ta riƙa ƙirga ƙarfi da lokaci tare, ta nuna wa mai ita kashi nawa ya ci daga kasonsa na mako, ta gargaɗe shi idan ya kusa ƙurewa, ta kuma samar da hanyar rage sauti kai-tsaye da kullewar iyaye. Ma'aunin shawara ce ga gwamnatoci da kamfanoni, bai zama tilas ba sai ƙasa ta mayar da shi doka. Duk da haka manyan kamfanoni sun fara bin salonsa. Wayoyin iPhone suna adana lissafin ƙarar da aka saurara a kwana bakwai, suna kuma bayar da damar tsayar da iyaka tsakanin desibel 75 da 100. Wayoyin Samsung suna da wurin saka iyakar sauti da za a iya kullewa da lamba, sababbin manhajojin Android ma sun shigo da gargaɗi mai la'akari da tsawon lokaci.

A rahotonta na farko kan ji, wanda ta fitar a 2021, hukumar ta ce fiye da mutum biliyan 1.5 ne ke da wani mataki na raunin ji a duniya, miliyan 430 daga ciki na buƙatar kulawa, kuma adadin na iya kaiwa biliyan 2.5 nan da 2050. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya.

Inda iyakar ke gazawa

Gazawa ta farko ita ce ɗaukar desibel 85 a matsayin matakin da babu komai a kansa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kason desibel 85 kimanin sa'o'i 12 da rabi ne a mako, wato ƙasa da sa'o'i biyu a rana. Wanda bai taɓa tsallake gargaɗin ba, amma yana wuni da iyafis a kunne daga buɗe shago zuwa rufewa, ya wuce kima nesa ba kusa ba.

Ta biyu, waya ba ta jin abin da ke shiga kunne. Ƙarfin lantarkin da take turawa kawai ta sani, daga nan take ƙiyasi. Iyafis kuwa sun bambanta: a mataki ɗaya na sauti, wani ya fi wani ƙara da desibel da dama. Ƙiyasin ya fi zama daidai idan iyafis ɗin na kamfanin wayar ne. Idan na kasuwa ne da ba a san ma'auninsa ba, lambar da waya ta nuna na iya yin ƙasa da gaskiya. Wasu masu amfani da Bluetooth ma suna da nasu maɓallin ƙara sauti dabam.

Ta uku, ba kowace na'ura ce ke bin ƙa'idar ba. Ƙananan na'urorin da ake saka wa memori da wayoyin da aka ƙera don kasuwannin da ba su da irin wannan doka na iya zuwa ba tare da wata iyaka ba. Akwai kuma manhajojin da ake saukewa musamman don ƙara wa waya ƙara fiye da yadda aka ƙera ta, waɗanda ke rushe kariyar gaba ɗaya.

Ta huɗu ta shafi hedifon na yara da ake tallatawa da cewa ba ya wuce desibel 85. Wani gwaji da shafin Wirecutter na Amurka ya yi a 2016 kan nau'i 30 ya nuna kusan rabinsu suna wuce iyakar da aka rubuta a kwalinsu. Ko waɗanda suka cika alƙawari ma, 85 ya zarce matakin 75 da aka shawarta wa yara.

Hayaniyar da ke kewaye

Babban abin da ke sa mutum ƙure sauti shi ne hayaniyar wurin da yake. Don a ji magana ko waƙa sosai, dole sautin iyafis ya ɗara na waje. A ɗaki shiru, mataki kaɗan ya isa. A cikin A Daidaita Sahu, ko a tashar mota, ko a layin kasuwa da janareta ke aiki a kowane shago, inda hayaniyar kanta ta kai desibel 80 ko fiye, mai saurare zai tsinci kansa a 90 ko sama ba tare da ya ji ya yi yawa ba. Kunnen ya sha hayaniyar waje, ya kuma sha wadda aka ɗora don a danne ta.

Saka iyafis a kunne ɗaya, kamar yadda masu jiran ciniki kan yi don su ji mai saye, yana da irin wannan illa. Sauti a kunne biyu ya fi cika a ji, don haka mai amfani da ɗaya yakan ƙara ƙarfi don ya cike giɓin. Kwana da iyafis a kunne kuma yana ƙara sa'o'in da ba a amfana da su ba a kan lissafin.

A Najeriya, ƙa'idojin hana hayaniya na 2009 da hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, NESREA, ke aiwatarwa sun shafi hayaniyar muhalli ne, irin ta masana'antu, wuraren gini, wuraren taruwa da unguwanni. Abin da mutum ya zuba wa kunnensa da hannunsa kuwa, shi ne mai tsaron kansa.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Akwai alamomin da ke nuna kunne ya fara gajiya ko ya fara rauni. Ƙugi, shewa ko wani amo a kunne bayan an cire iyafis. Jin kamar an toshe kunne da auduga. Jin murya amma a kasa fahimtar kalmomi a wurin taro ko cikin kasuwa. Yawan cewa a maimaita magana. Ƙara sautin rediyo ko talabijin har mutanen gida su yi ƙorafi. Wahalar jin muryar mata da yara fiye da ta maza, saboda tasu ta fi siranta. Buƙatar ƙara matakin sauti a waya fiye da wanda ake amfani da shi a bara.

Ƙugin da ya wuce kwanaki bai tafi ba yana buƙatar ganin likita. Ɗaukewar ji farat ɗaya a kunne guda kuwa lamari ne na gaggawa, domin maganinsa ya fi tasiri a kwanakin farko. Ya kamata a sani kuma cewa wasu magunguna, irin su allurar jentamaisin da sitiraftomaisin da kuma kwinin, na iya taɓa kunnen ciki, don haka mai ƙugin kunne ko raunin ji ya sanar da likita kafin a rubuta masa magani.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne a bar iyakar wayar a yadda take. Idan gargaɗin ya fito, alama ce cewa an iso bakin gaɓa. Wanda wayarsa ke da wurin tsayar da iyaka, wanda yawanci yake cikin sashen sauti na saitin waya, ya tsayar da ita a kan desibel 80 ko ƙasa.

Idan waya ba ta nuna desibel, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarshen sautin. Likitoci da yawa kan haɗa da cewa a huta bayan kowane minti 60. Akwai gwaji mai sauƙi: idan wanda ke tsaye nesa da kai da tsawon hannu sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ko kuma shi yana jin abin da kake saurare, sautin ya yi yawa.

A daidaita sauti a wuri shiru kafin a fita, kada a ƙara idan an shiga hayaniya. Idan ba a ji sosai, gara a dakata har a fita daga wurin. Iyafis mai robar da ke rufe ramin kunne da kyau, ko hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, ko mai fasahar kashe hayaniyar waje, suna sa a wadatu da sauti kaɗan. Amma mai tuƙi, da mai tafiya a gefen titi, kada su yi amfani da su, domin suna hana jin hon.

Wanda sana'arsa ke cikin ƙara, kamar mai injin niƙa, kafinta, mai walda ko mai kula da janareta, ya riga ya ci kaso mai yawa a wurin aiki. Abin da ya dace da shi shi ne abin toshe kunne na roba ko na soso, wanda ba shi da tsada. Iyafis mai kunna waƙa ba ya maye gurbinsa, ƙara wa kunne kaya yake yi. Bayan biki ko taron da aka sha lasifika, a bai wa kunne hutun kwana guda a wuri mai shiru.

Game da yara, iyaye su kulle iyakar da lambar sirri, su saka hedifon ɗin a nasu kunnen su ji ƙarshen ƙararsa kafin su miƙa, su kuma ƙayyade lokaci. Yaron da ya fara tun yana shekara takwas yana da shekaru masu yawa a gabansa da ɓarnar za ta taru.

Gwajin ji

Gwajin ji ba ya ciwo, kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Ana saka wa mutum hedifon a ɗaki shiru, a kunna masa sautuka daban-daban, ya nuna duk lokacin da ya ji. Sakamakon yana nuna ko siraran sautuka sun fara ɓacewa tun kafin mutum ya lura da kansa. Ana yin sa a sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da manhajar hearWHO a 2019, wadda ake saukewa kyauta don gwajin farko, inda ake karanto lambobi cikin hayaniya mutum ya rubuta abin da ya ji. Manhajar ba ta maye gurbin likita, nuni kawai take yi cewa lokacin zuwa asibiti ya yi.

Idan raunin ya riga ya samu, na'urar taimaka wa ji tana rage wahala matuƙa, kuma babu abin kunya a saka ta. Sai dai ƙara sauti take yi ga ƙwayoyin da suka rage, ba ta tayar da waɗanda suka mutu, ga tsada da hidimar batir da gyara. Ɗan kasuwa da kunne yake ciniki, ma'aikaci da shi yake karɓar umarni a taro, magidanci da shi yake jin 'ya'yansa. Wanda ya rage sauti da mataki biyu ko uku a yau, ya kuma cire iyafis na wasu sa'o'i, zai saba da sabon matakin cikin 'yan kwanaki, kuma bai biya ko kwabo ba.